Yadda ake haɗa gahawa ta ainihi a gida, daga mai shanta a sanyin Jos

Duk wanda ya taɓa kwana a Jos cikin watan Disamba ko Janairu ya san sanyin asubar garin nan ba wasa ba ne, ka dawo daga masallaci yatsunka kamar ba naka ba, abin da kake nema kawai wani abu mai zafi ka riƙe da hannu biyu. Ni shekara da shekaru wajen mai shayi nake ƙarewa, ya yaga ɗan ƙullin Nescafé ya zuba madara da sukari ya ɗaga ya sauke in sha in kama gabana, kuma har gobe ban raina wannan ba, yana da wurinsa. Amma ranar da wani abokin aikina ya dawo daga Addis Ababa ya miƙo min wata 'yar leda ta ƙwayar gahawar Yirgacefe, ya niƙa a gabana ya tace ba sukari ba madara, na kurɓa na ji ƙamshin fure da ɗan tsamin lemo mai daɗi, wallahi sai da na tambaye shi me ya zuba a ciki. Ya ce ruwa ne kawai da gahawa. Tun daga ranar na shiga wannan harka, kuma abin da na koya shi ne nake so in zayyana muku dalla-dalla.

Zan riƙa cewa gahawa, don in na ce kofi sai a rasa abin shan nake nufi ko mazubin.

Me ake nufi da gahawar asali ɗaya

Yawancin gahawar da ke kasuwa gauraye ce, an kwaso ta wannan ƙasa da ta waccan an haɗa an soya ta yi baƙi ƙirin don ɗanɗanon ya zama iri ɗaya kullum. Ita kuwa ta asali ɗaya daga wuri guda ta fito, ƙasa ɗaya, yanki ɗaya, wani lokaci ma gona ɗaya ko wurin wanke 'ya'yan gahawa ɗaya da ƙananan manoma ke kai amfaninsu. Ku da kuka san bambancin dankalin Bokkos da wanda aka kawo daga wani waje, ko zumar wani daji da ta wani, kun riga kun gane zancen. Ƙasa da iska da tsayin wuri duk suna shiga cikin ƙwayar.

Manyan jinsuna biyu ne ake nomawa, arabika da robusta. Arabika asalinta tsaunukan kudu maso yammacin Habasha, daga can ta tsallaka Yaman, inda aka daɗe ana fitar da ita ta tashar ruwan Moka. Ita ke son tudu da sanyi, kamar daga mita 1,000 zuwa 2,000, saboda a sanyi 'ya'yan a hankali suke nuna, sai ƙwayar ta yi tauri ta tara zaƙi da ƙamshi. Robusta ta fi jure zafi da cuta, ta fi ɗaci, kuma sinadarin kafeyin ɗinta ya kusa ninka na arabika, ita ce aka fi yin ta gwangwani mai narkewa da ita, Biyetnam ce kan gaba wajen nomanta, Birazil kuma ita ce ta fi kowa noman gahawa gaba ɗaya a duniya. Mu nan Najeriya robusta ta fi yawa, amma akwai arabika a tsaunin Mambila a jihar Taraba, wajen Gembu, inda tsayi ya haura mita 1,500, kuma nan kan tudun Filato ma akwai masu noma ta. Abin yana min ciwo yadda mutum zai zauna a Jos bai taɓa ɗanɗana gahawar ƙasarsa ba.

Ita kuma wadda ake kira ta musamman ba suna ne na talla kawai ba, akwai ma'auni. Ƙungiyar SCA ta masu wannan sana'a ta kafa tsarin maki 100, ƙwararrun masu ɗanɗano su zauna su kurɓa su ba da maki, kuma an daɗe wadda ta samu 80 zuwa sama ce ake ba wannan suna. Kafin ma a soya ana ɗibar giram 350 na ɗanyar ƙwaya a tsince ta kamar yadda iyayenmu ke tsince shinkafa, a duba ruɓaɓɓu da baƙaƙe da waɗanda ƙwaro ya huda.

Matakin farko, sayen ƙwaya

A nan ne rabin aikin yake, in ka sayi mara kyau babu dabarar da za ta cece ka. Na taɓa shiga wani babban kanti a Abuja na ga leda mai ƙyalli da hoton dutse da komai, na cire kuɗi mai yawa na saya, na zo gida da murnata na buɗe sai wani wari kamar tsohon kwali, ko ɗigon ƙamshi babu. Da na juya ledar sai na ga ranar lalacewa kawai aka rubuta, babu ranar suya. Tun daga nan na kafa wa kaina doka, kuma ita nake ba ku.

Ka nemi ranar suya a jikin leda, ba ranar lalacewa ba. Gahawa kamar soyayyar gyaɗa ce, tana iya daɗewa ba ta kashe mutum ba amma daɗinta na ɗan lokaci ne. Wadda aka soya jiya ma ba ta gama shiryawa ba, tana cike da iskar da suya ta tara mata, a bar ta ta huta kamar kwana 5 zuwa 10, daga nan har zuwa sati 5 ko 6 tana kan ganiyarta. In mai sayarwa ya ce bai san ranar da aka soya ba, yi masa godiya ka wuce. Yanzu akwai ƙananan masu suya a Abuja da Legas har da nan Jos, da yawansu a Instagram da WhatsApp suke ciniki, ka tambaye su kai tsaye yaushe aka soya, daga ina ta fito, wace shekara aka girbe. Wanda ya san kayansa zai amsa maka da daɗin rai har ya ƙara maka da abin da ba ka tambaya ba.

Ka sayi ƙwaya, kar ka sayi niƙaƙƙiya. Zan dawo kan wannan.

Sai ka duba yadda aka sarrafa ta bayan girbi, don yana canza ɗanɗano sosai. Ita gahawa ɗan itace ce ja kamar magarya, ƙwayar da muke sha ita ce ƙwallon ciki. Akwai wankakkiya, wato an cire ɓawo da naman an wanke yauƙin kafin a shanya, wannan takan fito tas, mai haske a baki, tsaminta kamar na lemo ko zoɓo, irin na Kenya daga Nyeri da Kirinyaga da na Ruwanda da yawancin na Kolombiya. Akwai kuma wadda ake shanyawa da ɓawonta gaba ɗaya har ta bushe kafin a ɓare, ita ake ce wa nacural, irin ta Harar da wasu na Guji da Sidama a Habasha da yawancin ta Birazil. Wannan ta fi zaƙi da nauyi, wani lokaci ka ji kamar sitiroberin da ake kawowa daga wajen Vom, wani lokaci kamar ɗinya. Mai farawa da harshensa ya saba da madara da sukari ni shawarata ya fara da ta Birazil ko Kolombiya ko tamu ta Mambila mai matsakaiciyar suya, ta fi kusa da abin da ya sani, akwai ɗanɗanon cakulan da gyaɗa. In ka fara da ta Kenya mai sauƙin suya tsamin zai iya korarka tun ba ka shiga ba.

Launi ma ka duba. Ƙwayar da ta yi baƙi tana sheƙin mai an ƙona ta, duk abin da ƙasarta ta ba ta ya tafi sai ƙauri. Nemi mai ruwan ƙasa, busasshiya a ido. Kuma kar ka sayi da yawa, giram 250 ya isa, zai ba ka kamar kofi 16.

Ajiya ba ta da wuya. Ka bar ta cikin ledarta ka matse iska ka rufe, ka sa a kabad nesa da rana da murhu, nesa da daddawa da yaji da turaren wuta don tana zuƙar ƙamshin duk abin da ke kusa da ita. Firiza tana da kyau in wuta tsayayya ce, amma da yadda ake ɗauke mana wuta ta daskare ta narke ta sake daskarewa, raɓa za ta shige ta, gara kabad ɗin.

Niƙa, inda aka fi yin asara

In za ka kashe kuɗi a kan abu ɗaya tak, to kashe a kan injin niƙa. Da zarar an fasa ƙwaya ƙamshin ya fara gudu, cikin 'yan mintuna mafi daɗinsa ya bi iska, shi ya sa ake niƙa daidai abin da za a sha a daidai lokacin da za a sha. Ƙamshin nan da ke cika ɗaki lokacin niƙa, in a kanti aka niƙa maka to can ka baro shi.

Injin hannu mai haƙora biyu da ke murƙushe ƙwaya a tsakaninsu shi ne abokin tafiya, ba ruwansa da wuta, kana iya matse shi ko sassauta shi, giram 15 bai fi minti ɗaya ba ka gama. Bilenda da ɗan injin nan mai wuƙa na niƙa kayan ƙamshi sara suke yi ba niƙa ba, sai ka samu wani ya zama ƙura wani ya tsaya ɓarzajje, to ƙurar ta ba da ɗaci manyan su ba da tsami, kofi ɗaya ya haɗa matsala biyu. Turmi kuwa a Habasha da shi ake dakawa har yau kuma yana yi, amma sai dai ka ware masa nasa ƙarami, turmin da ya taɓa ganin barkono da citta ba zai taɓa mantawa ba.

Yaya laushin zai kasance? Ga yadda nake kwatanta wa mutane da abin da ke kicin ɗinmu. In ya yi kamar garin tuwo ya yi laushi da yawa, ruwa ba zai wuce ba. In ya yi kamar tsakin masara na fate ya yi girma, wannan sai tukunyar jiƙo da zan yi bayaninta a gaba. Na tacewa da takarda yana tsakiya, kamar garin kwaki mai laushi ko yashin rafi, in ka murza tsakanin yatsu ka ji ƙwaya-ƙwaya amma ba ya sukar ka.

Wani abu na lokacin hunturu, iskar Jos takan bushe ƙarau, sai ka ga garin yana manne wa jikin inji yana tsalle ko'ina. Jiƙa bayan cokali da ruwa, ɗigo ɗaya kawai, ka juya ƙwayar da shi kafin ka zuba a inji. Shi ke nan magana ta ƙare.

Ruwa, da wata baiwa da Allah ya yi wa Jos

Abin da ke cikin kofinka sama da kashi 98 cikin ɗari ruwa ne, saboda haka ruwan da ba za ka ji daɗin shansa haka nan ba kar ka haɗa gahawa da shi. Na famfo in yana warin kulorin ka tace ko ka bar shi ya kwana a buɗe. Na rijiya ko burtsatse mai nauyi, irin wanda ke barin farin dutse a gindin buta, yana danne tsami mai daɗin nan ya mai da gahawa lami. Ni na fi amfani da ruwan gora ko na leda wanda na yarda da shi, kuma in ka samu wanda ya yi maka ka tsaya a kansa kar ka riƙa canzawa.

Zafin da ake so tsakanin digiri 90 ne da 96. A bakin teku kamar Legas ruwa sai ya kai 100 yake tafasa, dole mutum ya sauke ya jira ko ya sayi ma'aunin zafi. Mu kuwa Jos tana kan tsayin kusan mita 1,200, iska ba ta da nauyi sosai a nan, ruwanmu yana tafasa a wajen digiri 96. Ma'ana da ya tafasa ka sauke ka fara zubawa, daidai yake ba sai ka auna komai ba. Ranar da na gane wannan na ji daɗi ƙwarai. Mutanen Abuja ku naku ya fi kusa da 98 zuwa 99, ku ba shi kamar rabin minti bayan saukewa, in suyar ta ɗan yi duhu ku ba shi minti ɗaya. Amma fa sanyin namu yana da nasa sharri, komai saurin hucewa yake, don haka ɗauraye kofi da mazurarin tacewa da ruwan zafi a Jos wajibi ne.

Awo

Sayi ɗan sikelin kicin mai batir, ba tsada. Ido da cokali suna yaudara saboda wata ƙwayar ta fi wata nauyi. Ƙa'idar da za ka fara da ita giram 60 na gahawa ga lita ɗaya ta ruwa, wato kofi ɗaya giram 15 da ruwa giram 250. Ruwan ma a kan sikelin ake auna shi, mililita ɗaya giram ɗaya ce. Kafin ka samu sikeli, cokalin cin abinci mai tozo yana ɗaukar giram 5 zuwa 7 na gari, sai ka sa biyu da rabi ga madaidaicin kofi, amma ka sani lalube kake.

Haɗawa da mazurarin takarda

Tace gahawa da takarda wata mata ce a Dresden ta ƙasar Jamus, Melitta Bentz, ta ƙirƙiro shi a 1908, ta gaji da tukar gari a baki sai ta huda gwangwani ta shimfiɗa takardar shan tawada daga littafin ɗanta. Wanda na fi amfani da shi yanzu V60 ne na kamfanin Hario na Japan, mazurari ne mai rami ɗaya babba a ƙasa, na roba ya fi araha kuma ya fi riƙe zafi, ba ya fashewa in ya faɗi.

Ka ɗora ruwa a wuta, fiye da abin da kake buƙata. Yana kan wuta ka auna ƙwaya giram 15 ka niƙa. Ka naɗe gefen takardar ka zaunar da ita cikin mazurari, ka ɗora kan kofi, ka zuba ruwan zafi ya jiƙa ta ko'ina, wannan yana wanke ɗanɗanon takarda kuma yana ɗumama kofin. Kar ka manta ka zubar da wannan ruwan. Sai ka juye garin, ka ɗan girgiza ya kwanta daidai, ka yi ɗan rami a tsakiya da yatsa, ka ɗora komai kan sikeli ka mai da shi sifili, ka kunna agogon waya.

Zubin farko kaɗan ne, giram 40 zuwa 45, kawai don garin ya jiƙe duka. Ka ɗaga mazurarin ka ɗan juya shi a hankali kar wani lungu ya tsaya a bushe. Yanzu tsaya ka kalla, wannan ne wurin da na fi so a duk aikin. In ƙwayar sabuwa ce za ka ga garin ya kumbura ya taso kamar ƙullin waina da ya sha yis, ƙananan kumfa suna fashewa, ƙamshi ya daki hancinka. Iskar da ke cikin ƙwayar ce ke fita, kuma in ba ta fita ba za ta hana ruwa shiga garin. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, in ka zuba ka ga ya kwanta shiru kamar laka to ƙwayar ta tsufa. Ba shi sakan 40.

Sai zubi na biyu. A hankali, siririn ruwa kamar kaurin fensir, ka fara daga tsakiya kana zagayawa zuwa waje ka dawo, kar ka riƙa dukan takardar kai tsaye don ruwan zai zille ta gefe bai taɓa gari ba. Ka kai sikeli 150 a wajen minti 1 da sakan 15. Ka dakata kaɗan ruwan ya ɗan sauka amma kar ka bari garin ya bushe, sannan ka ci gaba har 250, ka gama zubawa kafin minti 2. Buta mai dogon siririn wuya ta fi sauƙin sarrafawa, amma in babu, 'yar butar shayin nan ta masu ataya tana yi sosai, bakinta siriri ne, da ita na yi wata da watanni. Da ka gama ka ɗan juya mazurarin sau ɗaya garin da ya maƙale a gefe ya sauka, sai ka ƙyale shi.

Ruwan ya kamata ya gama tsiyayewa tsakanin minti 2 da sakan 45 zuwa minti 3 da rabi. Leƙa ciki, in garin ya kwanta shimfiɗe kamar an share tsakar gida, zubinka ya yi kyau. In ya yi rami a tsakiya da tudu a gefe, gobe ka rage ƙarfin hannu.

Kar ka yi saurin sha. Juya da cokali, ba shi minti biyu ko uku. Da zafi sosai harshe ba ya jin komai sai zafin, tana fara hucewa zaƙin ke fitowa, kuma gahawar kirki ko ta huce tana da daɗi.

Harshenka ne malami

Duk lambobin da na lissafa ƙofar shiga ce kawai, kowace ƙwaya da halinta. Abin da zai sa ka iya da kanka shi ne ka koyi jin abin da kofin ke gaya maka, kuma abubuwa biyu ne kacal.

In ka kurɓa ka ji tsami mai kaifi kamar ɗanyen mangwaro, ba zaƙi, har da ɗan gishiri-gishiri, kuma ɗanɗanon ya ɓace nan take, to ruwa bai ɗebo abin da ya kamata ya ɗebo ba. Ka duba agogo za ka ga ya wuce da sauri. Maganinsa ka matse inji garin ya ƙara laushi, ko ka zuba ruwan da zafinsa.

In kuma ka ji ɗaci mai kama maƙogwaro da bauri kamar ka tauna goro, baki ya bushe, to ruwan ya wuce gona da iri, ya kwaso har abin da ba a so. Galibi za ka ga ya daɗe yana ɗiga har minti 4 ko 5. Sassauta inji garin ya ɗan yi girma.

Dalilin shi ne ba lokaci ɗaya komai ke narkewa ba, tsami ne ke fara fita, zaƙi ya biyo, ɗaci ya zo ƙarshe, aikinka ka tsaya a inda zaƙin ya fito ɗacin bai rufe shi ba. Akwai kuma bambanci tsakanin wannan da ƙarfi. In ɗanɗanon ya yi daidai amma ta yi maka ruwa-ruwa, ba niƙa za ka taɓa ba, ƙara gari zuwa giram 16 ko 17. In ta yi maka nauyi ɗiga ruwan zafi kaɗan a kofin.

Roƙona ɗaya, abu ɗaya za ka riƙa canzawa a rana. In ka canza niƙa da ruwa da awo gaba ɗaya, ko ta yi daɗi ba ka san wanne ya gyara ba. Ni ina da ɗan littafi a kan firji, in rubuta sunan ƙwaya, inda na tsayar da inji, mintin da ya ɗauka, da kalma ɗaya ko biyu, tsami ko bauri ko ta yi. Cikin kwana uku ko huɗu kowace leda takan faɗa hannu.

In babu takarda

Takardar takan yanke a kasuwa, kuma ba kowa ke son tsayuwar zubi ba. Akwai tukunyar jiƙo ta gilashi mai abin dannawa da rariyar ƙarfe, ita ta fi sauƙi kuma ta fi dacewa da gida mai mutane. Gari mai ɗan girma giram 30, ruwa 500, ka juye gaba ɗaya ka bari minti 4. Za ka ga gari ya yi ɓawo a sama, fasa shi da cokali, kwashe kumfar da abin da ke yawo, sannan ka ƙara haƙuri minti 5 sauran ya kwanta. Kar ka danna har ƙasa ka tayar da laka, tsayar da rariyar a saman ruwan ka tsiyaye a hankali. Tana fitowa da kauri da maiƙo fiye da ta takarda, kuma in madara kake so wannan ce ta fi karɓarta. A sanyin Jos ka naɗe tukunyar da tawul. Ko ita ma babu, yi haka nan a cikin butar shayi ka tace da matacin shayi, ka bar ɗan na ƙasan.

Maganar sukari

Ba zan ce kar ka sa ba, bakinka ne. Amma ka yi kurɓa uku kafin ka sa, ka ba manomin da ya tsinke 'ya'yan nan ɗaya bayan ɗaya da hannu haƙƙinsa. Kwanaki kawuna ya zo daga Bukuru, mutum ne da shayinsa sai cokali ya kusa tsayawa don sukari, na haɗa masa wata wankakkiya ta Kenya na ce Kawu don Allah a ɗanɗana haka tukuna. Ya karɓa da bismilla ya kurɓa ya yi shiru yana kallon kofin, can ya ce kai yaro, wannan ai zoɓo-zoɓo take yi. Na ce Allah ya ƙara girma Kawu, abin da masu ita suka rubuta a leda ke nan kusan. Bai sa sukarin ba, dabino na ajiye masa a faranti, yana gutsura yana kurɓa har ya shanye, kuma dabino da gahawa tsohuwar tafiya ce ta Larabawa.

A kula da yawa dai. Abin da hukumomin lafiya a Turai da Amurka ke faɗa shi ne babba mai lafiya kar ya wuce miligiram 400 na kafeyin a rana, wajen kofi uku zuwa huɗu ke nan, mai juna biyu kuma kar ta wuce 200. Mai hawan jini ko gyambon ciki ya tambayi likitansa. Kuma yana daɗewa a jiki, bayan kamar awa 5 rabinsa na nan, shi ya sa ni daga la'asar na rufe, da azumi kuma ɗan ƙaramin kofi nake yi bayan buɗa baki in ba haka ba barcin kafin sahur ya gagara.

Da ka gama ka ɗauraye komai da ruwan zafi nan take, man gahawa in ya kwana a jikin kaya yana yin wari ya ɓata ta gobe. Injin niƙa kuma ba a wanke shi da ruwa, ɗan buroshi busasshe ya isa. Tukar garin ni a gindin shukokin tsakar gida nake zubawa. Yanzu haka wata 'yar Mambila ce a hannuna, kwana 9 da suya, jiya ta sauka a minti 2 da rabi da ɗan tsami a ƙarshe, yau na matse inji taki ɗaya ta kai minti 3, gyaɗa da ɗan zaƙin rake sun fara fitowa, gobe bayan asuba zan ƙara taki ɗaya in ji ko bauri zai shigo.